Ranar da Tsani Ya Ce Ya Gaji

Tun yana ɗan saurayi mahaifiyarsa ta daina aron tsanin maƙwabta. In ƙwan fitila ya mutu, ko yanar gizo ta taru a kusurwar rufi, sai ta ƙwala masa kira, ya zo ya miƙa hannu ya gama. Daga nan sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Yau in ka shiga layinsu ka tambayi gidan Tsani mai wayarin, ko ɗan yaye zai nuna maka, kuma ba za ka ɓata ba, don ƙofarsa kaɗai aka fasa samanta aka ƙara mata tsawo.

Da fari tsawon nan bai jawo masa komai ba sai tsokana da ƙulu a goshi. Yana tafiya a ranƙwafe kamar mai neman abin da ya faɗi, don kawai kada a kalle shi. A haka wata rana wani gajeren mutum mai usur a wuya ya tare shi a bakin makaranta, ya ɗaga kai ya ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa, ya ce ya miƙe tsaye sosai, Allah bai ba shi wannan tsawo don ya naɗe shi ba. Mutumin malamin wasanni ne, yana da filin siminti a bayan wani tsohon sito, da alluna biyu na katako da ya kafa wa kwanduna da hannunsa. A nan yake koya wa samarin unguwa ƙwallon kwando. Kowa Koci yake ce masa, har matarsa.

Koci yana da doka ɗaya da ta bambanta shi da sauran masu horarwa: ɗan wasansa ba ya neman canji. A wasu ƙungiyoyin, in mutum ya ji numfashinsa ya ƙare sai ya ɗaga hannu ya dubi benci, a sako wani a madadinsa. A wurin Koci, wanda ya yi haka ya ɗauki takalminsa ya kama hanyar gida.

"Naku wasa ne, nawa gani," haka yake cewa. "In kun gaji ni zan gani, ni zan fitar da ku."

Kuma a gaskiya yana gani, wannan ba a ƙwace masa ba. Daga yadda yaro ya dafa gwiwa, ko yadda ƙafarsa ta fara jan ƙasa, Koci ya riga ya sani. Sai ya daki bencin da tafin hannu ya kira suna, ya ce waje. Bai taɓa barin wani ya faɗi a fili ba. Samarin suka amince masa ɗari bisa ɗari, suka cire tunanin jikinsu daga kansu suka damƙa masa, suka riƙa wasa kamar ba su san ciwo ba.

Da wannan doka suka ci kofin da har yau ake labarinsa a unguwar. Sun je wasan ƙarshe a bayan wata motar ɗaukar kaya, abokan karawarsu suka zo a bas mai labule, kowa da takalmi iri ɗaya. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci Tsani ya sauko a kan ƙafar wani, idon sawunsa ya gurɗe, nan take ya kumbura ya cika takalmi. Bai ko waiwayi benci ba. Koci ya dube shi, ya auna, ya bar shi a ciki. Saura ƙiris alƙali ya hura tashi, ana bin su da maki ɗaya, Guntu mai raba ƙwallo ya sulale ta ƙarƙashin hammatar wani ƙato ya cilla ta sama, Tsani ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya tura ta cikin kwando. 'Yan kallo suka ɓarke suka cika fili. Da aka zo ɗaukarsa a kafaɗa sai aka ga ba ya ɗaukuwa a tsaye, dole aka kwantar da shi aka yi ta zagaye da shi kamar an sayo falanki.

Matarsa tela ce, wando ne ya haɗa su. Ya kai mata a ƙara masa tsawo, ta ɗaga shi ta duba, ta tambaye shi ko mutum biyu ne ke shiga ciki. Ya yi ta murmushi yana sosa ƙeya, washegari ya dawo da wani wandon da ba abin da ya same shi. Suka yi aure, Allah ya ba su 'ya'ya, duk suka ɗauko uwarsu a tsawo, abin da har yau bai gama yafe musu ba. Da gwiwoyi suka fara gardama ya ajiye wasa ya kama aikin wayarin da haɗa fanka, kuma ya yi suna, don shi kaɗai ne mai gyaran wuta da ba ya wahalar da masu gida da neman abin takawa.

Tsofaffin 'yan wasan ba su watse ba. Kowace Asabar da yamma sukan haɗu a gefen tsohon filin, a dafa shayi, a yi ta zuba ƙarya a kan kwandunan da aka ci. Kowace shekara nisan da Bahago ya jefo wata ƙwallo yana ƙaruwa, har ya kusa cewa daga wajen katanga ya jefo ta. Furfura ta zo, tumbi ya zo, ba wanda ya damu.

Ƙwarangwal ne ya fara rasuwa a cikinsu, shi da ya fi kowa gudu a zamaninsu. Ciwon suga ya kama shi bai gaya wa kowa ba. Ya ji rauni a ƙafa, ya ɗaure shi da bandeji irin ɗaurin da Koci ya koya musu na targaɗe, ya sa safa ya rufe, ya ci gaba da zuwa shagonsa yana ɗingishi yana cewa takalmi ne ya matse shi. Ranar da aka kwance bandejin a asibiti, likitoci sun yi iya yinsu, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Ba a daɗe da share hawayensa ba sai Bahago ya bi shi. Yana wanke motarsa da safe ya zame jikin taya, soso na hannunsa. Daga baya matarsa ta ce ya yi watanni yana dafe ƙirji in ya zaci ba mai kallonsa, in ta yi magana ya ce iska ce ta tokare shi.

Abin da ya fi ban takaici shi ne yadda aka yi zaman makokin. Duk wanda ya buɗe baki sai ya ce marigayi namiji ne, har ya koma ga Allah bai taɓa cewa wash ba. Tsofaffin 'yan wasan suna gyaɗa kai, ido jawur, suna jin wani irin alfahari, wai ɗan Koci ne na gaske. Ba wanda ya tsaya ya ce wannan shirun shi ya kashe shi. Tsani na cikin masu gyaɗa kan, alhali a lokacin shi kansa takalminsa ya daina shigarsa.

Ƙafafunsa ne suka fara kumbura. Sai numfashi: in ya ɗaga hannuwa sama yana ɗaura fanka, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji, dole ya sauke su ya yi kamar yana neman sukundireba a cikin jaka. Barci ya gagare shi a kwance, ya koma tara filo yana jingina. Ya san akwai abin da ke faruwa, ba wawa ba ne, kuma tsoro yana cin sa. Amma duk lokacin da maganar ta zo bakinsa sai ya ji kamar zai ɗaga hannu ya dubi benci a gaban jama'a, sai ya haɗiye ta.

Matarsa ba ta jira an gaya mata ba. Macen da ta yi shekaru tana auna ƙafar mutum ba za a ɓoye mata kumburi ba. Ta yi lallashi, ya ce ya san jikinsa. Ta yi faɗa, ya yi kunnen uwar shegu. Ta haɗa shi da babbar 'yarsu, ya ce mata gajiyar aiki ce kawai, ya kawar da zancen da tambayar jikokinsa. Ranar da ta same shi zaune a kan dakalin ƙofar gida yana haki, don kawai ya tako daga bakin titi, ta shige ɗaki ta rufe keken ɗinkinta ta yi kuka mai isarta. Da ta gama sai ta ɗauki waya ta kira 'yar Koci.

Koci a lokacin ya tsufa ƙwarai. Matarsa ta rasu, ciwon ido ya cinye ganinsa kaf, yana zaune a wurin 'yarsa a wani ɗaki a saman bene. Da aka kai masa saƙon sai ya ce a gaya wa Tsani fankar ɗakinsa ta lalace.

Tsani ya zo da jakar kayan aikinsa. Benen ya ba shi wuya fiye da kowane wasa da ya taɓa bugawa. Da ya kai sama bai shiga ba, ya jingina da bango a bakin ƙofa ya jira ƙirjinsa ya lafa, ya goge zufa, ya gyara murya, sannan ya yi sallama da ƙarfi kamar saurayi. Ya durƙusa ya gaishe da tsohon, suka taɓa hirar iyali. Koci na zaune a bakin gado, hannuwansa a kan gwiwa, fuskarsa na kallon bango. Ya ce fankar ƙara take yi, a duba masa.

Tsani ya miƙe ya ɗaga hannuwa ya fara kwance murfin. Ɗakin shiru, ba rediyo, ba motsin kowa, da alama an shirya hakan ne. Ya yi ƙoƙarin jan numfashi ta hanci a hankali, amma jiki ba ya jin wannan wayon. Kafin ya cire ƙusa ta biyu haki ya ƙwace masa, yana fita da wani ɗan sauti daga can ƙasan maƙogwaro. Sai ya ji an daki katifa da tafin hannu.

"Tsani. Waje."

"Koci, ai ban gama ba."

"Na ce waje. Zo ka zauna."

Ƙafafunsa suka kai shi bakin gadon kafin kansa ya yanke shawara. Tsohon ya lalubo wuyan hannunsa ya riƙe, sannan ya sunkuya ya lalubo idon sawunsa ya danna da babban yatsa. Da ya ɗaga, ya sake shafa wurin, ramin yana nan bai cike ba. Ya tambaye shi tun yaushe. Tsani ya ce ba komai, ɗan gajiyar aiki ce.

"A wurin nan da kake zaune Bahago ya ce mini iska ce," in ji Koci. "Na yarda, don ban ga fuskarsa ba."

Bai saki hannun ba. Da ya ci gaba muryarsa ba ta tashi ba, amma Tsani bai taɓa jin ta da zafi haka ba, ko a ranar da suka sha kashi mafi muni.

"Dokar nan ta mutum biyu ce. Ku ku yi shiru, ni in gani. Idona ya tafi tuntuni, ku kuma kuna can kun rungume naku rabin, gandama-gandaman mutane da jikoki, kuna jiran makaho ya kira ku waje. Daga yau na soke ta. Gobe za ka je asibiti. Kuma ba matarka za ta yi maka bayani ba, da bakinka za ka faɗa."

Tsani ya so ya yi gardama, sai ya ga hawaye na bin kumatun tsohon daga idanun da ba sa gani. Ya tattara kayansa ya ce to. Fankar ma da ya mayar da murfinta ya kunna, lafiyarta ƙalau.

Washegari matarsa ta raka shi, ta yi alƙawarin ba za ta buɗe baki ba. Suka zauna a layi a kan kujerun roba da suka yi masa kaɗan, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Likitar zuciyar da aka tura su wurinta ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta jawo kujera kusa, ta ce, "Baba, me ke damunka?"

"Lafiya lau," in ji shi. Bakin ne ya faɗa da kansa, don abin da ya saba ke nan.

Likitar ta jira. Matarsa ta damƙe hannun jakarta, ta ƙura wa ƙasa ido. Da ta so, da kalma uku ta gama zancen, amma ta cije. Tsani ya dubi ƙofa. A buɗe take, ba mai tare shi, zai iya tashi ya ce a rubuta masa maganin gajiya ya koma gida da mutuncinsa irin na su Bahago, a zo a gyaɗa masa kai nan da 'yan watanni. Ya tuna soson nan a hannun abokinsa. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kunyar da bai san dalilinta ba, ga tsoro, ga haushin kansa. 

"'Yata," ya ce daga ƙarshe, "na gaji. Numfashi ba ya isata."

Da wannan ta fita, sauran suka biyo kamar an ɓalle famfo. Ya faɗi kumburin, ya faɗi filon da yake tarawa, ya faɗi ranar da jiri ya ɗebe shi a gidan wani yana riƙe da waya mai wuta, abin da ko matarsa ba ta sani ba. Ta ɗago ta galla masa harara cikin hawaye. Shi kuwa wani sauƙi ya ji, irin wanda bai ji ba tun da ciwon ya fara, ko da yake ba a ba shi ko ƙwayar magani ɗaya ba tukuna.

Aka yi gwaje-gwaje aka ɗauki hoton zuciya. Likitar ta zana masa a takarda ta nuna masa wata 'yar ƙofa a cikin zuciyarsa da ta daina rufuwa daidai, jini yana komawa baya. Ta ce sai an yi tiyata an sauya ta, kuma ta gaya masa gaskiya cewa da ya ƙara jinkiri da ba lallai aikin ya yiwu ba. Aka yi, aka kuma yi nasara. Matsala ɗaya da asibitin ya fuskanta ita ce gado, sai da aka jawo wani ɗan tebur aka shimfiɗa masa bargo aka ɗora ƙafafunsa. Ranar da ya fara takawa a baranda, nas biyu na riƙe da shi kansu bai kai hammatarsa ba, ya kai ƙarshe ya juyo ya ga matarsa tsaye tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Ya ce kofin da ya ci da ƙafa ɗaya bai kai wannan tafiyar daɗi ba.

Da ya warke sai ya zama fitina ga sauran. Ya bi su gida-gida yana cewa Koci ya soke doka, kowa ya fito a je a duba shi. Wasu suka bi shi don kunya, wasu don ya ishe su. Guntu ne ya tubure, ya ce shi garau yake, asibiti wurin masu neman ciwo ne. Tsani bai ja da shi ba. Ya zare makulli daga jikin babur ɗin Guntu, ya ɗora a saman katangar shagon Guntun inda sai tsuntsu, ya naɗe hannu ya tsaya. Guntu ya yi tsalle, ya yi zagi, ya nemo kujera ya taka, bai kai ba. Ƙarshe dai ya shiga mota yana ƙunƙuni. Da nas ta gwada jininsa ta sake gwadawa, ba ta bar shi ya koma gida ba a ranar. Yanzu shi ne ya fi kowa tsare shan magani, kuma yana gaya wa mutane cewa da ma yana da niyyar zuwa.

Zaman Asabar ya sauya kama. Kusa da butar shayi akwai na'urar gwada hawan jini, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, suga kuma an rage shi har shayin ya zama abin tausayi. Ƙaryar da ake yi a kan kwanduna ta koma kan wa ya fi kowa kyawun jini. Wanda aka ga ya yi shiru yana dafe wani wuri, sai a taso masa a ce ya faɗa, kuma yakan faɗa. Shekaru suka shuɗe ba a sake zaman makokin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Koci ya rasu wata safiya a kan gadonsa, cikin tsufa, ba tare da doguwar jinya ba. Tsofaffin yaransa suka ce su za su ɗauke shi, ba wanda ya isa ya hana su. Sai dai tun ba a bar layin ba aka ga matsala, don Tsani na gefe ɗaya Guntu na ɗayan, makarar ta karkata har sai da aka tsaya aka sake jera su bisa tsawo, wasu na danne dariya wasu na kuka. Hanyar maƙabartar tana da hawa. Tsani ya hau ta da nauyin malaminsa a kafaɗa, numfashinsa na shiga yana fita ba wata tangarɗa.

Da suka dawo gidan, 'yar Koci ta aiko a kira mata su. Suka tsaya cirko-cirko a ƙasan bene, tsofaffi masu furfura, kowa ya sunkuyar da kai. Ta fito idanunta a kumbure, ta ce Baba ya bar musu saƙo tun makon jiya, ya ce kada a faɗa sai an dawo daga kai shi.

"Ya ce in gaya muku ya gode da kuka bari ya riga ku."

 Guntu ya juya ya fuskanci bango. Tsani ya zauna a kan matakalar ƙasa, ya rufe fuska da manyan hannuwansa, ya yi kuka a gaban kowa har ya ƙoshi.